Hannuwa a Bangon Gabas

Lahadi, 5 ga Mayu 1985, bayan sujada

Mu huɗu ne yau a ɗakin sujada: ni, da Inna, da Kaka Ciɗo, da matar nan 'yar Togo mai sayar da sabulu, wadda ba ta jin Hausa sosai. Na buga ƙarfen da ke rataye a bishiyar bedi kamar yadda Baba yake bugawa, na jira, na sake bugawa. Babu wanda ya ƙaru.

Kaka Ciɗo ba kakana na jini ba ne. Shi ne dattijon ikilisiyarmu, kuma shi ke tsayawa a gaba tun da Baba ba ya nan. Idonsa ya yi rauni, saboda haka ni nake yin karatu. Muryata ta yi ta rawa. Ɗakin ya yi mana yawa, in na faɗi kalma sai in ji ta dawo mini.

Da aka tashi ya ce, "Lokacin yaɓe ya yi. Ko an yi ruwa bana ko ba a yi ba, bangon gabas shina son hannu." Na share ɗakin, na kulle, na rataya mabuɗi a wuyana.

Litinin, 6 ga Mayu, la'asar

Inna ta tafi wurin da ake tambayar labarin Baba, da tuwo a kwano. Ta dawo da shi yadda ta tafi da shi. Mun ci da yamma.

Laraba, 8 ga Mayu, bayan lakkwal (makaranta)

Ina so in rubuta yadda bangon yake, don kada in manta.

Baba ne ya gina ɗakin sujadar nan kafin a haife ni, shi da Kaka Ciɗo da mutanen da suka zo Tawa tare da su. Ginin ƙasa ne, rufin azara, a ƙarshen unguwa inda hanyar Affala ta fara. Ruwan damina daga gabas yake zuwa, don haka bangon gabas ne ke shan duka. Kowace shekara kafin ruwan fari ana yin gayya a yaɓe shi. In an gama, tun laka tana ɗanya, kowa sai ya danna tafin hannunsa a jiki, babba da yaro. Ban san wanda ya fara al'adar ba. Damina takan cinye hannuwan, abin da ya rage kuma yaɓen baɗi ya rufe shi.

Amma bara ba a yi ruwan kirki ba. Hannuwan suna nan kamar jiya aka danna su.

Akwai na gidan Manzo, su da yaransu, sun tafi Abijan. Akwai na Azumi mai ɗinki, ta bi 'yarta Sakkwato kafin a rufe iyaka, yanzu ba ta da hanyar dawowa. Akwai na Salisu da ya ce zai je Libiya, har yau shiru. Akwai ɗan ƙaramin hannun Kaltumi, wadda ƙyanda ta ɗauke da sanyin bana. Nawa yana ƙasa kusa da na Inna. Na Baba yana can sama da na kowa, kuma shi kaɗai ne na hagu, domin bahago ne. Ya danna da ƙarfi har zanen tafinsa ya fito.

In na tsaya a wurin da yamma, mukan cika. Babu wani wuri kuma da muke cika.

Akwai tsaga da ta taso daga indararo ta sauko, ta bi ta gefen babban yatsan Baba. Yatsana yana shiga cikinta.

Juma'a, 10 ga Mayu, rana tsaka

Balkisu, ƙawata da muke zama benci ɗaya a aji, ta koma bencin baya. Ta ce don ta fi ganin allo daga can.

Lahadi, 12 ga Mayu, bayan sujada

Mu uku. 'Yar Togo ta sami kamyo, babbar motar kaya, mai zuwa Yamai.

Kaka Ciɗo ya yi addu'ar ruwa. Ya daɗe yana yi. Ya ambaci Kalfu da Takanamat da Affala, ya ambaci masu gona da masu dabba, ya ambaci maƙwabtanmu da suka fita roƙon ruwa bayan gari ran Juma'a. Ya ce Ubangiji ya ji nasu ya ji namu, ƙishirwa ɗaya ce. Inna ta ce Amin.

Na buɗe baki, kalmar ba ta fito ba.

Ba don ba na son ruwa ba. Ina ganin mutanen da ke kwana a bakin kasuwa. Ina ganin layin rabon dawa. Na san abin da ruwa yake nufi. Amma na san abin da ruwa zai fara taɓawa.

Ina jin babu wanda ya lura. Na share ɗakin.

Talata, 14 ga Mayu, kafin magariba

Wasu Buzaye sun sauka a gindin bangon gabas, domin nan ne inuwa take daga azahar. Mutum ɗaya dogo, da matarsa, da jariri. Kayansu tabarma ce da tukunya da wata tsohuwar fata da suka kafa a kan sanduna. Babu dabba ko ɗaya. Mutumin yana riƙe da igiyar raƙumi a hannu, yana naɗe ta yana warwarewa.

Na tsaya daga nesa da tsintsiyata. Na so in ce kada su jingina da bangon. Ban iya ba. Na gaishe su kawai, na shige.

Alhamis, 16 ga Mayu, da safe kafin lakkwal

Ba na son Alhamis.

Ran Alhamis ne motar hukuma ta tsaya a ƙofarmu, bayan Ista. Baba yana gyaran takalminsa. Sun yi sallama da ladabi, sun ce 'yar tambaya ce, zai dawo kafin a ci abincin rana. Ya ce da ni, "Rifkatu, riƙe mabuɗin nan." Ba zan rubuta abin da ya faɗa a wurin rabon dawa ba. Mutane da yawa sun ji, kuma yanzu babu wanda ya ji.

Takalmin yana nan ƙarƙashin rumfa, da allurar a jiki.

Asabar, 18 ga Mayu, la'asar

Sunan mutumin Rissa, matarsa Tekna. Daga arewacin Takanamat suka taso da ƙafa. Inna ta aike ni in kai musu kunu. Na ajiye zan gudu, sai ya ce in tsaya.

Ya nuna bangon da haɓarsa. "Waɗanga hannuwa na miye? Tsari na?"

Na ce a'a, na mutanenmu ne.

"Ina mutanen?"

Na ce sun tafi.

Ya gyara rawaninsa. Sai ya ce, "Mu in za mu tahi, ɗaki shina tahiya tare da mu. Ku kuna tahiya ku bar ɗaki shina jiranku kamar tsohuwa." Tekna ta yi masa magana da yarensu, ina jin faɗa ta yi masa, domin ya yi dariya ya ce, "Ta ce bakina ya hi ƙahwata tsawo."

Can kuma ya tambaye ni, "Allahnku ciki shike?"

Na san amsar. Baba ya koya mana tun muna ƙanana cewa babu ginin da zai iya ɗaukarsa. Na ce a'a, yana ko'ina.

"To, don mi kike share mishi ɗaki kullum?"

Na tsaya kamar an kira ni gaban allo. Na ɗauki kwanon na tafi. Har yanzu ina neman abin da ya kamata in ce.

Litinin, 20 ga Mayu, azahar

Kwanon tuwon Baba ya dawo babu komai a ciki! Sun karɓa. Inna ta wanke shi sau da yawa, tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Idan sun karɓi tuwo, akwai mai ci.

Na je na gaya wa bango. Na san wauta ce.

Laraba, 22 ga Mayu, bayan lakkwal

An kama azumi, unguwa ta yi tsit da rana. Zafi ya kai inda ƙarfen bedi ba ya taɓuwa. Famfon unguwa sai da asuba yake kawo ruwa, kafin hantsi ya ɗauke, mata suna barin bokitai a layi da duwatsu a ciki.

Kaka Ciɗo ya zo da sandarsa ya zauna ƙarƙashin rumfarmu. Ya ce, "Amaryata, kin ƙi ni ko? Kwana biyu ko ruwa ba ki kawo min." Haka yake tsokanata tun ina rarrafe. Sai ya koma maganar yaɓe. Ya lissafa abin da babu: babu ruwan kwaɓi, babu kashin shanu domin shanun sun mutu, babu ciyawar da za a zuba domin awaki sun cinye har zana, babu maza.

Na ce, "To, sai a bari sai baɗi, Kaka."

Na faɗa da sauri fiye da yadda na so. Ya juyo da idonsa mai hazo ya dube ni, ya daɗe. Ya ce, "Haka kika gani?" Na sunkuyar da kai.

Lahadi, 26 ga Mayu, la'asar

Tekna ba ta da lafiya. Da muka fito daga sujada mun same ta kwance, rana ta riga ta cinye inuwar fatar, jaririn yana kuka babu murya. Da safe bangon gabas ba ya ba da inuwa, wuta yake mayarwa.

Kaka Ciɗo ya ce in buɗe ƙofa.

Na ce, "Kaka, ɗakin sujada ne."

Ya ce, "Na sani, ni na ɗora azararsa. Buɗe."

Rissa ya ƙi da farko. Ya ce shi Musulmi ne, kuma yana azumi, ba ya son ya ɓata mana wuri ko ya ɓata nasa. Kaka Ciɗo ya ce, "Kai yi sallarka inda kake yi. Ba mu ce ka zo ka zama namu ba. Inuwa ta, kuma ba mu munka yi ta ba, ƙasa ta yi ta." Ya ce da suna gini, mutane sun yi wa Baba dariya don ya yi ƙofa mai faɗi kamar ta garejin kamyo, su kuwa ba su kai su cika tabarma biyu ba. Baba ya ce ba don waɗanda ke ciki ya yi ta ba.

Ban taɓa jin wannan labari ba.

Sun shigar da ita. Ciki akwai sanyi kamar randa. Sun shimfiɗa mata tabarma a jikin bangon gabas, bayan dakalin da Baba ke tsayawa. Rissa ya tuɓe takalmansa a ƙofa, ko da yake mu ba mu tuɓewa.

Yau ban kulle ba. Mabuɗin yana wuyana, ba shi da aiki.

Litinin, 27 ga Mayu, la'asar

Kwanon ya dawo a cike. Sun ce an kai Baba gaba. Inna ta ce gaba ina, suka ce gaba.

Ba mu ci ba. Na kai wa su Tekna.

Talata, 28 ga Mayu, da safe

Ban je lakkwal ba.

Alhamis, 30 ga Mayu, rana tsaka

Mushe Ma'azu (Mushe muke kiran malaman lakkwal) ya tsayar da ni bayan darasin lissafi, ya ce jarrabawar birbe, ta fita koleji, ta kusa, kada in bari abin ya tafi da ni. Bai ce wane abu ba. Ya duba taga kafin ya yi magana.

Na auna tsagar. Yanzu yatsu biyu suna shiga.

Asabar, 1 ga Yuni, kafin magariba

Na yi wa Kaka Ciɗo rashin kunya. Ban taɓa yi wa babba ba.

Ya same ni a bayan ɗakin sujada ina tsaye. Ya ce ya ji iska ta juya, ƙashinsa ya gaya masa. Ya ce Asabar mai zuwa za a yi yaɓe, ko da shi kaɗai ne da sandarsa. Na ce ba za a yi ba. Na ce shi ne kullum yake cewa ikilisiya mutane ce ba gini ba, to me ya dame shi da gini? Na ce mutanen sun tafi, abin da ya rage ke nan, kuma yana so ya shafe.

Ban ambaci hannun kowa ba. Shi ma bai ambata ba.

Ya ce, "Ɗiyata, kin san kaurin wanga bango ran da munka gama shi? Taƙi ɗaya da rabi. Je ki auna yanzu." Na ce ba na son aune-aune. Ya ce, "Hannun matata shina ciki. Ni na ruhe shi da kaina, shekarar da ta rasu. Ba ni da wani wurin da zan sa kaina in ba nan ba, kina tsammani ban san abin da kike kallo ba?"

Na ce, "Taka ta mutu, ka san inda take."

Ya juya da sandarsa ya tafi a hankali. Na so ƙasa ta buɗe.

Lahadi, 2 ga Yuni, bayan sujada

Mun yi sujada Tekna tana kwance a gefe, jaririn yana tsotson yatsa. Da muka fara waƙa ya yi shiru yana kallon azara. Muryoyinmu ba su dawo mana ba kamar dā, ban san dalili ba, wataƙila kayansu ne suka tare.

An yi addu'ar ruwa. Har yau ban ce Amin ba.

Kaka Ciɗo bai kira ni amarya ba.

Litinin, 3 ga Yuni, bayan la'asar

Dole in rubuta wannan.

Hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. Yara suna ta ihu a hanya, mata suna fito da bokitai. Iska ta zo da ƙarfi, ta yi ta dukan gari, sai ɗan yayyafi da bai jiƙa ƙasa ba, shi ke nan ya wuce. Ina cikin ɗakin sujada lokacin, na kai wa Tekna ruwa. Muka ji wani abu ya ce ƙas a sama. Wani gutsuren ƙasa kamar kan mutum ya ɓalle daga bakin tsagar ta ciki, ya faɗo a kan tabarma, daidai inda jaririn yake kwana. Tekna ta ɗauke shi ke nan don ta ba shi nono.

Ba ta yi kuka ba. Ta dubi ƙasar, ta dubi ramin da haske ke shigowa, sannan ta dube ni. Ba ta san komai ba game da ni da bangon nan. Kallo ne kawai.

Yayyafi ne fa. Ba a ma yi ruwan ba.

Na fita na zaga baya. Hannun Baba yana nan, babu abin da ya same shi. Na tsaya ina kallonsa, kuma karo na farko na ji kunyarsa.

Talata, 4 ga Yuni, da hantsi

Ban gaya wa kowa ba, na shiga gidan Habsatu maƙwabciyarmu. Tun ranar motar ba ta shigo gidanmu ba, mu ma ba mu shiga nata ba. Na yi sallama. Tana tankaɗe.

Na ce ina roƙon ruwan wanki. Wanda aka gama da shi, wanda za a zubar.

Ta ce, "Ruwan wanki? Mi za ki yi da shi, ɗiyar malam?"

Na ce yaɓe.

Ta ajiye rariya. Ta ce, "Ke da wa?" Na ce ni da Kaka Ciɗo. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce, "Makaho da 'yar lakkwal. Wanga bango ya ga ta kansa." Sai ta daina dariyar. Ta ce uwata tana lafiya? Na ce lafiya. Ta ce, "Ki ce mata ina nan. Tsoro na, ba ƙiyayya ba." Ta faɗi haka tana kallon garin da ke cikin ƙwarya.

Ta ce in kawo tano, wato duron ruwa, in ajiye a bakin zaurenta.

Daga nan na je gidan Kaka Ciɗo. Na durƙusa a gabansa. Ya ce, "Wa ke nan? Amaryar da ta yi yaji?" Na yi kuka sosai, ya bar ni na gama.

Alhamis, 6 ga Yuni, bayan lakkwal

Tanon ya kusa cika. Ba na Habsatu kaɗai ba ne, na ga mata suna zuwa da kwanoni suna juyewa su wuce ba su dubi kowa ba. Ruwan toka-toka ne, yana warin sabulu da miya.

Rissa ya yi ta jigilar ƙasa daga busasshen tafki, da safe kafin rana ta yi zafi, da azumi a bakinsa. Ya tsinto kashin jakuna a kasuwar dabbobi. Ya ce bai taɓa zaton zai tsufa yana bin jakin wani ba. Ciyawa ce ta gagara. Inna ta fito, ta dubi rumfar Baba, ta fara kwance zanar da hannunta. Ta ɗauke takalmin tukuna ta kai ɗaki. Mun daddatse zanar muka zuba a kwaɓi. Kaka Ciɗo ya ce a bar shi ya kwana biyu ya ruɓa.

Alƙasum mijin Habsatu ya aiko da tsani. Ya ce shi ba zai zo ba, amma tsani ba shi da addini.

Asabar, 8 ga Yuni, bayan la'asar

An yi.

Mun fara tun da sassafe. Rissa a cikin laka har gwiwa yana tattakawa, ya naɗe wandonsa, yana cewa in danginsa suka gan shi za su ce ya zama Bahaushe. Kaka Ciɗo yana zaune a kan turmi yana ba da umarni, yana taɓa kowane curi kafin a miƙa, ya ce wannan ya yi ruwa, wannan ya yi tauri. Inna tana miƙowa. Ni ce a kan tsani, domin babu wani.

Kafin a cike tsagar sai an buɗe bakinta. Kaka ya ba ni guntun ƙarfe na fara sassaƙa. Da na leƙa ciki na ga bangon ba abu ɗaya ba ne. Hawa-hawa ne kamar albasa, wani ja, wani fari-fari, wani da ciyawa da yawa, na shekarun ƙoshi ke nan. A wani hawa can ciki na ga lanƙwasar yatsu uku, ƙanana, ban san na wa ba ne. Wataƙila nawa ne. Na sa hannu na auna kaurin. Ya fi taƙi biyu da nisa.

Ban gaya wa Kaka ba. Ya sani.

Muka cike tsagar ciki da waje, muka fara shafe bangon daga kudu. Na rufe gidan Manzo. Na rufe Azumi. Na rufe Salisu. Da na zo kan Kaltumi na kira sunanta a zuci, na shafa a hankali. Ban san lokacin da na fara ba, amma kowane hannu sai na yi wa mai shi addu'a kafin in rufe, inda yake, Allah ya san wurin ko da mu ba mu sani ba.

Na bar na sama sai ƙarshe. Kowa ya ga na bar shi. Rana ta take, laka tana bushewa a hannuna. Rissa ya ce ko ya hau ya ƙarasa, tun da ya fi ni tsawo. Na ce a'a.

Inna ta miƙo curi. Ta riƙe shi ɗan lokaci kafin ta saki.

Na sa hannuna na hagu a cikin nasa tukuna. Ya fi nawa girma sosai, kuma rana ta gasa shi, yana da ɗumi. Sannan na ɗora lakar, na danna ta shiga kowane yatsa, na shafe.

Da na sauko na zauna a ƙasa.

Kaka Ciɗo ya ce a sa hannu kafin ta bushe. Na kama shi na kai shi, ya danna nasa. Na danna nawa. Rissa ya tsaya baya yana goge ƙafa. Ya ce, "Ni hwa?" Kaka ya ce, "Wanda ya taka laka shi ka sa hannu, haka munka gada." Rissa ya ce ba zai zama kome ba in ya sa? Kaka ya ce, "Za ka zama mai dattin hannu." Ya yi bisimilla ya danna. Tekna ta fito tana dafa bango, ta kama hannun jaririn ta taɓa shi a jiki, ɗan tabo kamar sawun kaza.

Inna ce ta ƙarshe. Ta danna na dama kusa da nawa. Muka ɗauka ta gama. Sai ta jawo tsanin da kanta, ta ɗaura zanenta da kyau, ta hau. Ban taɓa ganin Inna a kan tsani ba. Ta kai can sama da na kowa, ta danna hannunta na hagu, da ƙarfi.

Ta sauko ta ce, "Ke, ɗauko kwanonin nan a wanke."

Lahadi, 9 ga Yuni, bayan sujada

Ɗakin yana ƙanshin ɗanyar ƙasa. Na yi karatu, muryata ba ta yi rawa sosai ba.

Na ce da Rissa na sami amsar tambayarsa. Ya ce wace tambaya? Ya manta. Na bar shi.

Litinin, 10 ga Yuni, la'asar

Inna ta tafi da kwano. Ta dawo da shi. Ba labari.

Alhamis, 13 ga Yuni, kafin magariba

Ruwa ya sauka tun bayan azahar, irin wanda na manta ana yi. Muna cikin ɗakin sujada dukanmu, har da Habsatu da ruwan ya tare a hanya ta fake a bakin ƙofa, rabinta ciki rabinta waje. Indararo yana ta zuba. Na sa tafin hannuna a bangon gabas ta ciki, ina jin dukan ruwan a bayansa. Ko ɗigo bai shigo ba. Jaririn ya yi barci a wurinsa.

Da aka ɗauke na zaga baya cikin taɓo. Hannuwan sun fara lumshewa. Na saman ma.

Kaka Ciɗo ya cire hularsa ya yi godiya, ya roƙi wani ruwan a bayan wannan, da wani a bayansa, har gero ya nuna.

Na ce Amin.